Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Gidaje na Ingila: a bar ƙananan hukumomi su gama tsarin da suka fara

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ni mazaunin Ingila ne, ɗan haya, uban 'ya'ya uku, ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wani asibiti. Duk ranar Asabar nakan zauna da wasu 'yan sa-kai a wani ɗakin karatu muna taya iyalai cike takardun neman gida a wurin ƙaramar hukuma. Da Hausa na rubuta wasiƙar nan saboda 'yan'uwana mazauna ƙasar nan, waɗanda sukan ji a labarai an ce gwamnati ta sake sauya manufar tsara garuruwa, su ɗauka zancen lauyoyi ne da masu awon fili, alhali kuwa shi ke yanke musu kuɗin haya da nisan makarantar 'ya'yansu. Amma da kai nake, ranka ya daɗe, domin alƙalamin a hannunka yake.

Zan fara da inda ba mu da saɓani. Ƙasar nan tana bukatar gidaje, masu yawa kuwa. Iyalai kimanin miliyan 1.3 ne ke kan layin jiran gidan hukuma a Ingila, yara fiye da 160,000 kuma a masaukin wucin gadi suke kwana. Ba na cikin masu ɗaga kwalaye a bakin gona suna cewa kada a aza tubali kusa da su. Idan gwamnatinku ta cika alkawarin gidaje miliyan 1.5 kafin wa'adin wannan majalisa ya ƙare, ba wanda zai fi ni murna. Kukana a kan tufka da warwara ne, yadda ake sauya ƙa'idar ƙasa tun ƙananan hukumomi ba su gama aiki da ta baya ba, da kuma wanda asarar ke faɗa wa a duk lokacin da aka yi hakan.

Bari in ɗan yi bayani saboda masu karatu, kai kam ka san shi. Tun dokar tsara gari ta 1947, mallakar fili a Ingila ba ta ba mutum damar yin gini a kansa sai da izini. Ana so kowace ƙaramar hukuma ta rubuta tsarinta na aƙalla shekara 15: gida nawa za a gina, a wane fili, ina makaranta za ta zauna, ina za a bar wa masana'antu, wace gona ce ba za a taɓa ba. Dokar 2004 ta ce da wannan tsari za a yanke hukunci a kan kowace takardar neman izini, sai fa in akwai wani dalili mai nauyi da ya rinjaye shi. To amma tsarin ba ya fara aiki sai sufeton gwamnati ya bincike shi, shi kuwa sufeto ma'auninsa kundin manufofin ƙasa ne, wanda ake kira NPPF a taƙaice. Wato ƙaramar hukuma ita ce tela, amma tef ɗin awo yana ma'aikatarku. Ranar da duk kuka sauya tef, rigar da aka kusa gama ɗinkawa sai an warware ta.

An fitar da kundin a watan Maris na 2012, aka dunƙule shafuka sama da 1,000 na umarni zuwa kimanin 50. Ya yi shekara shida a haka. Daga nan aka sake shi a Yulin 2018, da Fabrairun 2019, da Yulin 2021, da Satumbar 2023, da Disambar 2023, da Disambar 2024. Sau shida ke nan cikin shekara shida da rabi. Ita kuma gwamnati da bakinta, a takardar shawarwarin da ta fitar a Agustan 2020, ta ce galibi shekara bakwai ƙaramar hukuma ke yi kafin ta kammala tsari ɗaya. Ma'aikacin da ya buɗe fayil a 2018 an sauya masa ƙa'ida sau shida tun lokacin rufe fayil ɗin bai yi ba. A shekarar 2022 kaɗai mutum biyar ne suka zauna a kujerar ƙaramin ministan gidaje.

Na san ba duka sauye-sauyen ne manya ba. Na Satumbar 2023, alal misali, a kan injinan samar da lantarki daga iska ne. Sai dai abin da ya fi taɓa kowa, wato adadin gidajen da ake ɗora wa kowace ƙaramar hukuma a shekara, shi ya fi shan juyi. A 2018 aka shigo da lissafi na bai-ɗaya wanda ya dogara da hasashen yawan iyalai da tsadar gidaje. Wata biyu bayan haka hukumar ƙididdiga ta fitar da sabon hasashe da ya yi ƙasa, gwamnati ta ce a ci gaba da aiki da tsohon na 2014. A Agustan 2020 aka kawo wani lissafin da ya jibga wa karkarar kudu kaya, 'yan majalisa suka yi ca, kafin shekara ta fita aka janye shi, aka ƙara wa manyan birane 20 kashi 35 cikin 100 a madadinsa. A Disambar 2022, da gomomin 'yan majalisar jam'iyyar Conservative suka yi barazanar bore, ministan gidaje na lokacin, Michael Gove, ya yi alkawarin adadin zai zama shawara kawai, aka kuma rubuta hakan a kundin Disambar 2023. Shekara guda bayan nan, ranar 12 ga Disambar 2024, gwamnatin Labour ta hannun ministarta ta gidaje a lokacin, Angela Rayner, ta mayar da shi tilas, ta soke ƙarin da aka yi wa biranen, ta mayar da tushen lissafin kashi 0.8 cikin 100 na gidajen da ke tsaye a wuri tare da ƙari gwargwadon tsada. Jimillar ƙasa ta tashi zuwa kusan 370,000 a shekara. Landan ta sami ragi, wasu garuruwan arewa kuwa adadinsu ya ninka har ya zarce ninki.

A takarda wannan tarihi ne. Ga yadda na gan shi da idona.

A 2017 na fara zuwa taron jin ra'ayin jama'a, a zauren wata makarantar firamare, na riƙo hannun babbar 'yata, tana shekara takwas a lokacin. An liƙa taswirori a alluna. Wata ma'aikaciyar tsara gari ta tsaya gaban ɗaya tana nuna mana da ɗan yatsa: nan gidaje, nan sabuwar firamare, nan ɗakin shan magani, ga inda bas zai riƙa juyawa, ga rafin da ba za a yi gini kusa da shi ba saboda ambaliya. Akwai wani dattijo da ya shigo da fushinsa, ya zo ne ya ce bai yarda ba. Ya tsare ta da tambayoyi kusan awa guda, ita kuma ba ta ƙosa ba. Da zai fita ya ɗauki katin rubuta ra'ayi, na ga abin da ya rubuta domin a teburi ɗaya muke: in dai za a fara gina makarantar a gyara mahaɗar hanyar kafin gidajen su cika, ya yarda. Wannan katin shi ne abu mafi tsada da aka samu a zauren nan, ranka ya daɗe. Mutumin da ya zo ƙi ya koma da yarda, saboda an nuna masa abin da zai samu, an kuma yi masa alkawari a rubuce.

Tsarin nan bai kai ko'ina ba. Da adadi ya sauya a 2018 aka koma aka sake binciken filaye. Da takardar 2020 ta ce za a rushe yadda ake yin tsarin gaba ɗaya, kansiloli suka ce a dakata a ga inda iska za ta kaɗa. Da aka ce adadin shawara ne, sai aka cire filaye mafiya jawo rigima, aka sake kiran mu taro. Da ya koma tilas, daftarin da ke hannu bai kai kashi 80 cikin 100 na sabon adadin ba, wanda shi ne sharaɗin da aka gindaya wa mai son ci gaba da tsohon aikinsa zuwa 12 ga Maris na 2025, don haka aka koma farko. Kowane zagaye sai an sake biyan masana su auna cunkoson motoci, su auna ambaliya, su ƙirga tsuntsaye da jemagu, da kuɗin harajin da muke biya. Yarinyar da na riƙo wa hannu yanzu ta kai shekarun jarrabawar gama sakandare. Ma'aikaciyar nan ta daɗe da barin aikin. Dattijon kuwa na sake ganinsa sau ɗaya a wani taron, yana zaune a baya, bai ɗauki kati ba.

Akwai masu zaton idan tsari ya mutu gini ya tsaya ke nan. Ba haka abin yake ba, kuma nan ne nake so ka tsaya ka duba da kyau. Ƙa'ida ta ce dole ƙaramar hukuma ta nuna filayen da za su ishe ta ginin shekara biyar. Idan tsarinta ya haura shekara biyar da haihuwa, da sabon adadin ƙasa ake auna ta. Saboda haka akwai hukumomin da ranar Laraba 11 ga Disambar 2024 filayensu sun isa, aka wayi gari ranar Alhamis ba su isa ba, ba tare da an rage musu ko taku ɗaya na ƙasa ba. Da zarar an gaza, sakin layi na 11 na kundin sai ya karkata sikeli: a ba da izini, sai dai in illar ginin ta rinjayi amfaninsa ƙwarai kuma a bayyane. A 2024 gwamnati da kanta ta ce ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na hukumomi ne ke da tsari mai rai. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, su bi taswira suna neman inda katanga ta faɗi, su yi yarjejeniya da mai gona, su shigar da takarda, in an hana su su ɗaukaka ƙara gaban sufeto.

Haka aka yi a gefen garin da nake. Wani kamfani ya nemi wata gona da ba ta cikin filayen da aka nuna mana a zauren makaranta. Ƙaramar hukuma ta ƙi, ya ɗaukaka ƙara, ya yi nasara, ita kuma ta biya lauyoyi a banza. Yau gidajen suna nan tsaye, masu kyan gani, jan bulo da farar taga. Na je can ziyarar wani abokin aikina da ya sayi ɗaya. Daga ƙofar unguwar zuwa tashar bas mafi kusa tafiya ce mai nisa a gefen titin da ba shi da wurin masu ƙafa, na ga wata mata tana tura keken jariri a kan ciyawa, motoci na wuce ta da gudu. Babu kanti, babu makaranta. Duk gidan da ba shi da mota biyu yana cikin wahala. Da ƙarfe takwas na safe mutanen unguwar ke bin layin waya ɗaya da mu don ganin likita, a ɗakin shan maganin da tun kafin zuwansu ya cika. Filin da aka ware wa firamare a taswirar 2017 yana nan ciyawa ta rufe shi. Mutanen garin da suka ga haka sun koyi darasi guda, cewa ba da ra'ayi ɓata lokaci ne, kuma gobe idan aka zo da gini mai kyau ma za su ƙi shi.

Ba zan ɓoye ba, akwai ƙananan hukumomin da suka mai da jan ƙafa ɗabi'a, domin kansilan da ya sa hannu a gina gona yakan sha ƙasa a zaɓe. Don irinsu aka ƙirƙiro wannan bulala, kuma doka ta ba ka ikon karɓe aikin daga hannun wadda ta ƙi yi. Yi amfani da ikon a kansu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bulalar ta riƙa sauka iri ɗaya a kan mai jan ƙafa da wanda aka fizge wa tabarma yana tsakiyar aiki. Dubi birnin York. Ya yi kusan shekara 70 ba shi da cikakken tsari, ya miƙa nasa ga sufeto a 2018, aka amince da shi a Fabrairun 2025. An daɗe ƙwarai, amma an gama, kuma a ganina abin da ya cece shi shi ne an ci gaba da auna shi da kundin 2012 har ƙarshe, duk da sauye-sauyen da aka yi a tsakani. Tef ɗaya aka riƙe masa.

Wannan nake roƙo a yi wa kowa. Ranar da ƙaramar hukuma ta buga jadawalin aikinta, a kulle mata adadinta da ƙa'idarta har wata 30, wa'adin kammala tsarin gari da sabbin ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar 2023 suka tanada. Muddin tana cika kwanakin jadawalin, kada a karkata mata sikeli. In ta saɓa, a ɗauke kariyar. Shi kuma kundin ƙasa a sa masa lokacin da kowa ya sani. Tunda kun wajabta wa ƙananan hukumomi duba tsarinsu duk shekara biyar, ku ma ku ɗaure kanku da irin wannan wa'adi, ya zamana ba taron 'yan majalisa masu fushi ko zaɓen cike gurbi irin na mazaɓar Chesham da Amersham, wadda jam'iyyar Conservative ta rasa a 2021, ne ke juya makomar kowane gari a ƙasar ba.

Sai batun wanda ake hukuntawa. Tun 2018 ake gwada kowace hukuma da yawan gidajen da aka kammala a yankinta, daga 2020 kuma idan ya gaza kashi 75 cikin 100 na abin da ake bukata sai sikelin nan ya karkata a kanta. Amma yawancin gidajen ba ita ke gina su ba, izini kawai take bayarwa. Binciken da Oliver Letwin, ɗan majalisa a lokacin, ya yi wa gwamnati a 2018 ya duba manyan filaye 15 a wuraren da ake matuƙar neman gida, ya tarar tsaka-tsakin lokacin kammala su shekara 15 da rabi ne. Bai sami manyan kamfanoni da laifin ɓoye fili ba, a yi musu adalci. Abin da ya gano shi ne suna gini daidai saurin da za su iya sayarwa ba tare da farashin unguwar ya faɗi ba, kuma tunda gidajen duk iri ɗaya ne, masu saye iri ɗaya suke jira. Ɗan kasuwa ba zai karya farashin kayansa da hannunsa ba, kowa ya san wannan. To idan ya yi jinkiri, hukuma ta faɗi jarrabawa, sakamakon faɗuwar kuma shi ne a ƙara buɗe wa 'yan kasuwa gonaki. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na ga shawarar da gwamnati ta fitar a Mayun 2025 ta cin tarar wanda ya riƙe izini ya ƙi gini a kan lokaci. Ina roƙon kada ta tsaya a shawara.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne adadin nan gida kawai yake ƙirgawa, bai damu da wanda zai shiga ba. Wata Asabar wata baiwar Allah ta zo teburina da 'ya'ya uku da jakar leda cike da wasiƙu. Mai gidan da take haya ya sayar da gidan, aka kai su ɗaki ɗaya a wani ƙaramin otal. Doka ta ce kada iyali mai yara su wuce mako shida a irin wannan wuri, ita ta daina ƙirga makonni. Ta nuna mini hoto a wayarta: gadaje biyu a haɗe, tukunyar lantarki a kan kujera, babban ɗanta a durƙushe a ƙasa ya ɗora littafinsa a kan katifa yana aikin gida. Bas biyu suke hawa zuwa makaranta. Aiki take yi, kula da tsofaffi take yi da dare. Da muka gama cike takardar ta tambaye ni ko sababbin gidajen da take gani daga tagar bas har da irinsu za a ba. Na san amsar, sai na ce mata mu dai mu aika takardar.

Amsar ita ce kalmar "mai sauƙin kuɗi" a kundinku tana da faɗi. Tun 2011 gidan da hayarsa ta kai kashi 80 cikin 100 na farashin kasuwa yana shiga wannan suna. A garin da kasuwar ta haukace, kashi 80 bai kusa da aljihun matar nan ba. Abin da zai fisshe ta shi ne hayar hukuma ta asali, wadda a wurare da yawa ba ta wuce rabin ta kasuwa da yawa ba. A 1968 an kammala gidaje sama da 350,000 a Ingila, kimanin kashi 40 cikin 100 ƙananan hukumomi ne suka gina su da kansu. Daga 1980 zuwa yau an sayar da gidajen hukuma kusan miliyan 2 ga masu haya a ciki, ba a mayar da gurbin mafi yawansu ba. Burin 300,000 a shekara da aka sa tun 2017 ba a taɓa cim masa ba, a shekarar 2023 zuwa 2024 ƙarin gidajen bai wuce kimanin 221,000 ba. A waccan shekarar dai ƙananan hukumomi sun kashe kusan fam biliyan 2.3 a kan masaukin wucin gadi, kuɗin da ya tafi ba tare da ya bar ko ɗaki ɗaya mallakar jama'a ba.

Inda kuka yi daidai zan faɗa. Fam biliyan 39 da aka ware a Yunin 2025 don gidaje masu rahusa cikin shekara goma, da niyyar aƙalla kashi 60 cikin 100 su zama na hayar hukuma, abin a yaba ne. Haka ma sharuɗɗan da kuka gindaya a kan filayen da aka killace kewaye da birane, waɗanda suka ci kimanin kashi ɗaya cikin takwas na ƙasar Ingila: duk wanda zai yi gini a ɓangarensu da bai da wani amfani sosai, irin tsohon gareji ko wurin ajiye motoci, sai ya ƙara yawan gidaje masu rahusa har zuwa rabi, ya kawo abubuwan more rayuwa, ya bar wurin shan iska. Tsorona ƙofar baya ce da kowa a harkar ya sani. Kamfani ya karɓi izini da alkawarin gidaje masu rahusa a ƙarƙashin sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990, bayan an kwana biyu ya dawo da takardar masana cewa lissafin ba zai fitar da riba ba, a zauna a rage. Idan an sayi gona da tsada saboda an san za a iya rage rabon talaka daga baya, to talakan ne ya biya kuɗin gonar. A rufe ƙofar nan, sannan a ba kowace ƙaramar hukuma adadi na biyu kusa da na farko, na gidajen hayar hukuma, a kuma auna ta da shi.

An taɓa gwada tsallake tsarin gari gaba ɗaya, mun ga abin da ya haifar. Daga 2013 aka ba da damar mayar da ofisoshi gidajen kwana ba tare da cikakken izini ba. Adadi ya ƙaru, amma ba rabon gidaje masu rahusa a ciki, aka kuma sami ɗakuna ƙanana ƙwarai a tsakiyar wuraren masana'antu, har sai da aka dawo a 2020 aka wajabta hasken rana, a 2021 kuma aka wajabta mafi ƙarancin faɗin murabba'in mita 37. Iyalai irin na matar nan ne aka riƙa kaiwa wasu daga cikinsu.

Akwai kuma abin da adadi ba ya iya umarta. A 2022 hukumar birnin Landan ta gargaɗi magina cewa a yankunan Hillingdon da Ealing da Hounslow na yammacin birnin sababbin manyan gine-gine za su iya jiran shekaru kafin a haɗa musu lantarki, saboda cibiyoyin adana bayanan kwamfuta sun shanye ƙarfin layin. A 2022 ɗin dai hukumomi 74 suka tsinci kansu ƙarƙashin ƙa'idar hana ƙara gurɓata koguna, izinin gidaje ya tsaya cik a wurare da dama. Ruwa da wuta da magudanar ƙazanta da likitoci duk ba a hannun ƙaramar hukuma suke ba, kowanne da ma'aikatarsa da jadawalin kuɗinsa. Idan za a ɗora wa gari gidaje, a ɗora wa masu bututu da masu waya nauyin isa can a rana ɗaya.

Su wa za su yi duk wannan aiki? Sassan tsara gari na cikin waɗanda tsuke bakin aljihun da aka fara a 2010 ya fi yi wa illa, ƙwararru da yawa sun koma kamfanoni, inda yanzu suke zama a ɗaya gefen teburi suna fuskantar tsofaffin abokan aikinsu. A 2024 kun yi alkawarin ƙarin ma'aikata 300, hukumomin tsara gari kuwa sun haura 300, ko ɗaya-ɗaya ba za su samu ba. Sannan kwana huɗu kacal bayan kundin Disambar 2024, ranar 16 ga wata, gwamnati ta fitar da shirin rushe ƙananan hukumomin gundumomi a haɗe su zuwa manya masu mutum kimanin 500,000. Wato hukumar da aka ce ta yi maza ta rubuta tsarin shekara 15, an kuma shaida mata ita kanta ba za ta kai 'yan shekaru ba. Ma'aikacin da bai san ofishin da zai zauna baɗi ba, da wace zuciya zai tsaya gaban taswira ya yi wa dattijo alkawarin makaranta? Ku fito fili ku ce duk tsarin da aka gama ko aka kusa gamawa zai ci gaba da aiki bayan haɗewar har wa'adinsa ya cika, a rubuta shi yadda lauyan kamfani ba zai sami kafar shiga ba.

An aiko mana takarda ta ƙofa cewa za a sake taron jin ra'ayi a kan sabon daftari, a zauren makarantar nan dai. Zan je, na kuma ce wa matar nan ta zo da yaranta idan ba ta da aikin dare, domin masu gidajen kansu ne kullum ke cika kujerun, masu jiran gida ba a cika ganinsu ba. Ta ce za ta duba lokacin bas. Ina so in iya gaya mata cewa taswirar da za ta gani a allo ita ce za a gina, kuma ba zan iya ba sai na ji daga gare ka.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani ɗan haya, ɗan sa-kai a teburin masu neman gida